Kanari ne ko gwara? Yadda ake gane ɗan tsuntsun da ake gardama a kansa

Duk shekara, da zarar hatsi ya fara nuna a gonakin da ke kewaye da Yamai, wata gardama takan dawo a fadojin shan shayi da zaurukan WhatsApp. Wani zai ɗauko hoton ɗan tsuntsu, ko a cikin keji ko a kan zangarniya, ya tambaya: wannan kanari ne, ko gwara ce, ko kuwa jan-baki ne mai cinye gona? Nan da nan sai jama'a ta rabu. Masu cewa kanari dole ya zama rawaya suna gefe guda, masu cewa kanarin gaske ruwan toka ne suna ɗaya gefen, manomi kuwa, wanda ba ruwansa da waƙar kowa, ya ce duk tsuntsun da ya sauka a kan hatsinsa ɓarawo ne. Tambayar tana kama da ta masu zaman kashe wando, amma tana da nauyi, domin a kan amsarta ne wani yake asarar kuɗinsa a kasuwa, wani kuma yake ɗana tarko ga tsuntsun da bai ci masa komai ba.

Ni har gida ta iske ni. Bara da kaka, ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ya shigo da keji na waya a hannu yana murna, ya ce kanari ya sayo a wata kasuwa da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Tsuntsun kyakkyawa ne ba laifi, kansa da cikinsa rawaya kamar garin ɗorawa. Aka rataye kejin a reshen dogon yaro, aka zuba masa hatsi da ruwa, yaro ya zauna jiran waƙa. Bayan mako uku ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, don Allah ku zo ku duba mini, har yanzu bai yi waƙa ba, cit-cit kawai yake yi." Na durƙusa gaban kejin na duba. Bayan tsuntsun jan ƙasa ne, fuskarsa kuma sumul, babu zane ko ɗaya. Na ce masa, "Yaro, wannan ko shekara ka jira ba zai rera maka komai ba, gwara aka sayar maka." Rawayar gwarar Sahel ce, wadda masu Faransanci ke kira moineau doré, kuma iyakar muryarta ke nan.

Kanari suna ne na kasuwa

Tushen rikicin yana cikin sunan kansa. Kalmar kanari baƙuwa ce a Hausa, ta zo mana ta harsunan Turai, kuma asalinta sunan tsibiran Kanari ne, waɗanda ke cikin tekun Atilantika kusa da gaɓar Maroko, a ƙarƙashin mulkin Sifen. A can, da kuma tsibiran Madera da Azores, akwai wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya da masana ke kira Serinus canaria. Turawa sun kwashe ɗaruruwan shekaru suna kiwonsa a keji suna zaɓen iri, har suka fitar da rawayan nan tas marar zane da ake gani a hotuna. Na dajin ma ba haka yake ba, kore-kore ne mai zane a baya. Wannan kanarin kiwo ba ya cikin dajinmu ko kaɗan, duk wanda aka gani a Yamai shigo da shi aka yi ko kuma a keji aka ƙyanƙyashe shi. A Faransancin ƙasashenmu, kalmar canari har tulun ƙasa take nufi, abin da ke nuna cewa sunan bai taɓa zama a wuri ɗaya ba.

Da sunan ya shigo, sai aka ɗora shi a kan tsuntsayenmu biyu da ke dangi da na tsibiran. Na farko shi ne kanarin toka mai farin ƙugu, Crithagra leucopygia, wanda wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sundevall ya fara bayyanawa a rubuce a 1850. Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya bai wuce santimita 10 zuwa 11 ba, kuma ana samunsa a faɗin Sahel daga Senegal har Sudan da Habasha. Masu kiwon tsuntsaye a Faransa suna ce masa chanteur d'Afrique, wato mawaƙin Afirka. Na biyu shi ne kanari mai rawayan goshi, Crithagra mozambica, wanda ya ɗan fi na farko girma, santimita 11 zuwa 13, ya kuma bazu a mafi yawan ƙasashen da ke kudu da Sahara.

To, a bakin mai saye da mai sayarwa duka ukun kanari ne, domin abin da ake nufi da kalmar shi ne ɗan tsuntsun keji mai waƙa. Masu cewa rawaya ne suna da gaskiya, masu cewa toka ne ma suna da gaskiya, kowa da wanda yake nufi. Kuskuren yana farawa ne idan aka juya maganar aka ce duk ɗan rawayan tsuntsu kanari ne, duk ɗan toka kuma gwara ne. A ganina wannan juyin ne ya fi cutar da mutane, domin a Yamai da Tawa kanarin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya fi iya waƙa, shi ne ɗan tokan nan da ido ke rainawa.

Inda ya kamata ido ya fara sauka

Launi shi ne abin da ido ke fara kamawa, kuma shi ne ya fi yaudara. Wanda ya saba da tsuntsaye baki yake fara dubawa, domin baki kayan aiki ne, yana faɗin abin da tsuntsu ke ci. Bakin kanari gajere ne, mai kauri a gindi, ya tsuke a gaba kamar ƙaramin mazurari, an yi shi ne don fasa ƙwayar ciyawa, launinsa kuma na ƙaho ne, ba ja ba. Wannan kaɗai ya isa ya raba shi da wani ɗan tsuntsun kurmi da ake yawan rikita shi da mai rawayan goshi, wato Eremomela pusilla, mai tokan kai da rawayan ciki. Idan aka hango shi a saman itace sai a rantse kanari ne, amma bakinsa siriri ne kamar tsinke, ƙwari yake tsinta a ƙarƙashin ganye, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya sa shi a keji ya zuba masa hatsi, yunwa ce za ta kashe shi cikin ƴan kwanaki.

Bayan baki sai ƙugu, wato bayan tsuntsu daf da tushen wutsiya, wurin da fuka-fukai ke rufewa idan yana zaune. A nan hujja mafi ƙarfi take, sai dai tana bukatar haƙuri, domin sai tsuntsun ya tashi ko ya buɗe fiffike yana gyaran gashi sannan a gan ta. Kanarin toka, idan yana zaune a kan reshen gawo, ba shi da wani abin kallo: kai da baya ruwan toka mai ratsin ƙasa-ƙasa, ciki fari-fari, ƙirji da ƴan zane-zane, fuska babu gira babu ado. Amma da zarar ya tashi sai wani farin tabo ya bayyana a ƙugunsa, fari fat, kamar an liƙa masa auduga. Sunan da masana suka ba shi ma daga nan ya fito, domin leucopygia a Girkanci ma'anarsa farin ƙugu. Gwarar gida ba ta da wannan tabo, nata ƙugun jan ƙasa ne, ga ta kuma ta fi shi girma, tana kai santimita 14 zuwa 15, da kai ruwan toka marar zane. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai launin yashi da ya cika garuruwan Adar, Euodice cantans, wanda girmansa ya yi daidai da na kanarin toka har yara kan kama shi da sunan kanari. Shi bakinsa launin azurfa ne mai shuɗi-shuɗi, ƙugunsa da wutsiyarsa kuma baƙaƙe ne. Tashi ɗaya ya isa a raba su: fari ya bayyana kanari ne, baƙi ya bayyana ba shi ba ne.

Mai rawayan goshi kuwa a fuska ake gane shi, kuma fuskarsa tana da tsari kamar ta wanda ya fito daga wurin wanzami. Goshi da gira rawaya ne, wani baƙin zane ya ratsa ta ido, wani kuma ya gangaro daga gefen baki zuwa ƙasa kamar saje, kunci a tsakaninsu rawaya. Irin da ke Afirka ta Yamma yana da toka a tsakar kai da ƙeya, bayansa kore-kore ne, cikinsa da ƙugunsa rawaya. Macen ta fi namijin dushewa, kuma sau da yawa tana da jerin ɗigo-ɗigo masu duhu a maƙogwaro kamar ta ɗaura tsakiya a wuya. Wannan zanen fuska shi ne abin da tsuntsun ɗan ƙanwata ya rasa. Rawayar gwara rawaya ce kawai daga kai har ciki, sannan jan ƙasa a gadon baya, alhali babu kanarin dajinmu da ke da jan baya. Matan marai, tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa a rataye, su ma sukan shiga cikin rikicin domin rawaya-rawaya ne, amma bakinsu ya fi tsawo, jikinsu ya fi kauri, saje kuma babu.

Abu na ƙarshe shi ne taro. Kanarin toka bibbiyu yake yawo ko a ƙaramin garke da mutum zai iya ƙirgawa da ido, ya sauka ƙasa ya tsinci ƙwayar ciyawa, ya koma itace. Idan tsuntsaye suka taso kamar hayaƙi, suna juyawa tare suna rufe sararin sama, ba a bukatar duba baki ko ƙugu, ba kanari ba ne.

Murya, da dalilin da ya sa wani kanarin yake shiru

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma game da tsuntsaye masu waƙa maganar ta fi ƙarfin karin magana, domin koyon waƙar suke yi. Ɗan tsako yana sauraron ubansa da maƙwabta, ya fara da gwalan-gwalan kamar yaro mai koyon magana, sannu a hankali ya daidaita. Abin da suke waƙar da shi ma ba a maƙogwaro yake ba kamar namu. Yana can ƙasa cikin ƙirji, inda hanyar numfashi ta rabu biyu zuwa huhu, kuma kowane ɓangare yana da nasa tsokoki, shi ya sa tsuntsun da bai kai tafin hannu ba yake iya fitar da sauti biyu a lokaci guda. A kan kanarin kiwo ne masani Fernando Nottebohm da abokin aikinsa suka nuna, a 1983 a Amurka, cewa ƙwaƙwalwar baligin tsuntsu tana ci gaba da yin sababbin ƙwayoyin jijiya, abin da a da ake ganin ba ya yiwuwa.

Waƙar kanarin toka doguwa ce, tana gudana ba yankewa, da kaɗawa da fito a haɗe, tana hawa tana sauka, kuma ƙarfinta ya fi ƙarfin jikin mai ita. Sau da yawa mutum zai ji ta daga saman itace ya yi ta neman babban tsuntsu, alhali mai waƙar yana gabansa bai kula shi ba. Ta mai rawayan goshi ta fi gajarta, gutsure-gutsure ce masu daɗi da yake maimaitawa. Gwara kowace iri ce ba ta wuce cit-cit, marai kuma ƙara ce da shi kamar ana soya abu a mai.

Sai dai shiru ba ya nufin an yi wa mutum zamba a kowane lokaci. Namiji ne yake doguwar waƙa, don kiran mace da kare wurinsa, kuma a kanarin toka namiji da mace kamarsu ɗaya, ido ba ya raba su. Saboda haka mutum yana iya sayen kanari na gaske ya tarar mace ce. Namijin ma yakan yi shiru idan yana sauya gashi, ko idan sabon kamu ne da tsoro bai sake shi ba. Abin da wannan ke nufi ga mai saye a fili yake: ba a cinikin biri a sama, sai an ji da kunne, an kuma ga maƙogwaron tsuntsun da ake ciniki yana motsi. A wurin da kejuna suka yi yawa, murya ɗaya mai kyau tana iya sayar da tsuntsaye goma marasa waƙa, domin kunne ba ya saurin gane daga wane keji take fitowa.

Me ya sa rikicewar take ƙaruwa da kaka?

Dalili na farko tufafi ne. Da damina mazan jan-baki da marai da danginsu suna cikin kayan aure, kowa da launinsa, ba mai rikita su. Da damina ta wuce sai su tuɓe, su koma ƙasa-ƙasa masu zane kamar matansu, daji ya cika da ƙananan tsuntsaye masu kama da juna. Kanari ba ya wannan sauyi, yadda yake da rani haka yake da damina, amma sai ya ɓace cikin taron masu kama da shi. Har jan-baki kansa yakan yaudari mai dogara da suna, domin macensa a lokacin sheƙa bakinta rawaya yake komawa.

Na biyu hoto ne. Hoton salula da aka ɗauka da tsakar rana, tsuntsu yana zaune fuka-fukai a rufe, ya ɓoye ƙugu, ya ɓoye girma, murya kuma babu ita, wato duk hujjojin da ake bukata sun fita, launi kaɗai ya rage. Wanda ya je neman ƙarin bayani a intanet kuma zai tarar da wani ruɗanin, domin tsofaffin littattafai suna kiran kanarinmu biyu da sunan Serinus. Bayan wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2012 ne aka mayar da su cikin Crithagra, da aka ga cewa danginsu da na tsibiran Kanari bai kai kusancin da ake zato ba. Tsuntsun ɗaya ne, sunan ne biyu.

Wurin da aka ga tsuntsu ma hujja ce da ake mantawa da ita. Mai rawayan goshi ɗan kurmi ne, yana son inda itatuwa irin su marke da taramniya da tsamiya suka yi yawa, ruwan sama kuma ya wadata. A Nijar ya fi yawa a kudu maso yamma, wajen Gaya inda ruwan shekara ke kai kimanin milimita 800, da gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, aka kuma ƙirga tsuntsaye sama da iri 350 a cikinsa. Yamai tana samun milimita 500 zuwa 600, Tawa kuwa ƙasa da haka, kuma nan ne ƙasar kanarin toka, mai son gawo da bagaruwa da aduwa da bakin gonaki da lambuna. Saboda haka idan aka ce maka an kama ɗan rawayan kanari a dajin Tawa ko Abalak, ka sake duban bayansa, mai yiwuwa ne ƙwarai rawayar gwara ce, domin can ne gidanta.

Manomi da ɓarawon da ba shi ba ne

Fushin manomi yana da dalili. Jan-baki, Quelea quelea, shi ne tsuntsun daji mafi yawa a duniya, ana ƙiyasta adadinsa da kusan biliyan 1.5, kuma garke ɗaya yana iya sauka a gonar hatsi ko dawa, ko fadamun shinkafa irin na Saga da Kirkisoye, ya bar mai ita da kara. Rawayar gwara ma tana taruwa dubbai tana ɓarna a hatsi, musamman a arewacin yankin noma. Matsalar ta daɗe har ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta OCLALAV a 1965 don yaƙi da fara da tsuntsaye. Wanda ya taɓa ganin yara a kan rumfa tun asuba, suna jan igiya mai gwangwanaye suna ihu har muryarsu ta dushe, ba zai ce wa manomi ya yi haƙuri da tsuntsu ba.

Ba zan ce kanari ba ya taɓa hatsi ba, yana taɓawa, shi ya sa ma ake ciyar da shi da shi a keji. Amma abincinsa na yau da kullum ƙwayar ciyawa ce da ta ƙananan tsirrai, kuma tsuntsaye biyar ko goma ba sa cin abin da za a gani a rumbu. Illar rashin rarrabewa tana zuwa ta hanya biyu. Manomin da ya ga ƴan kanari ko masu bakin azurfa a bakin gonarsa ya ɗauka jan-baki ne, zai ɓata ƙarfinsa da danƙonsa a banza. Wanda kuma ya ga ƴan jan-baki na farko ya ce ai kanari ne, zai makara wajen sanar da ma'aikatan kare tsirrai, alhali a wannan yaƙi gano inda garken ke kwana da wuri shi ne rabin aiki. Feshin maganin fenthion da aka daɗe ana yi a makwancin jan-baki ba ya tambayar sunan tsuntsu, yana kashe waɗanda ba su ake nufi ba, har da shaho da shirwa da suka ci gawar. Rahoton kuskure yana iya jawo guba inda ba a bukatarta.

Keji: masu kiwo, doka da malamai

Masu kiwon kanari suna cewa al'ada ce da ba ta cutar da kowa, tela ko mai shago ya rataye kejinsa yana aiki yana sauraro, tsuntsun kuma yana samun ci da sha ba tare da fargabar shaho ba. Suna iya ƙarawa da cewa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa kanarin biyu cikin jerin waɗanda ba sa fuskantar barazanar ƙarewa, kuma haka ne. Masu kula da daji suna amsawa cewa kusan duk kanarin toka da mai rawayan goshi da ke kasuwanninmu kamun daji ne, ba ƙyanƙyasar gida ba, da yawa kuma suna mutuwa a kwanakin farko saboda tsoro da cunkoso da ƙishirwa. Yadda ake kamun ma yana da nasa lahani: ana sa namiji mai waƙa a keji mai tarko, mazan da ke kusa su zo faɗa da shi su faɗa ciki. Wato mafi ƙarfin murya ake ɗebewa, kuma galibi daga ƙarshen damina zuwa sanyi, daidai lokacin da suke da sheƙa, ɗan ƙoƙon ciyawa a tsakanin rassa mai ƙwai biyu zuwa huɗu.

Cinikin ya taɓa wuce abin da ake gani a unguwa nesa ba kusa ba. Kafin 2005 Afirka ta Yamma, musamman Senegal da Mali da Gini, ita ce babbar mai fitar da tsuntsayen daji zuwa Turai, kuma mai rawayan goshi yana cikin waɗanda aka fi fitarwa. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da su a watan Oktoba na 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mayar da haramcin na dindindin a 2007, kuma wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa cinikin duniya da ake rubutawa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Murar ba labarin nesa ba ce gare mu, an tabbatar da ita a Magariya a watan Fabrairu na 2006, kuma wannan dalili ne da zai sa mai kaji ya yi hattara da rataye sabon kamu a kan akurkinsa. A cikin gida, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji, kuma a ƙarƙashinta kamun dabbar daji don sayarwa yana bukatar takardar izini daga ma'aikatan gandun daji. Tsuntsu ƙarami ne, amma dokar ba ta cire shi ba.

Malamai kuwa sukan kawo hadisin Anas ɗan Malik, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake tambayar ƙanin Anas, Abu Umair, labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Daga nan da yawansu suka fahimci halaccin ajiye tsuntsu matuƙar ana ba shi haƙƙinsa na ci da sha ba a kuma azabtar da shi. Sukan haɗa da ɗaya hadisin, inda aka ɗauke wa wata tsuntsuwa ƴaƴanta biyu ta zo tana kaɗa fiffike, ya umarci a mayar mata da su. Hadisan biyu tare sun bar ƙofar kiwo a buɗe, sun kuma sa alamar tambaya a kan kamu lokacin sheƙa.

Ni dai abin da ya fi damuna ba kejin tela ba ne, wurin zaman tsuntsun ne. Shingen itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, mafi yawansa dogon yaro, filaye da gine-gine sun ci babban ɓangarensa, kuma ko inda itatuwan suka rage, ciyawar ƙarƙashinsu an share ta ko an yanke wa dabbobi tun kafin ta zuba iri. Kanari yana bukatar reshe don waƙa da sheƙa, amma a ƙasa yake cin abinci. A ɗaya gefen, manoman jihohin Maradi da Damagaram da suka riƙa barin gawo da kalgo suna tsirowa a gonakinsu sun mayar da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, haka ma jerin itatuwan kare iska na kwarin Majiya a jihar Tawa, kuma irin wannan gona mai itace a tsaye da ciyawa a gefe ita ce ainihin gidan kanarin toka.

Ɗan ƙanwata bai koma wurin mai tsuntsun ba, ya ce kunya yake ji. Mun buɗe wa gwarar keji a bayan gari, nesa da shinkafar mutane, ta tashi ba ta waiwayo ba. Kwana biyu bayan haka na tashe shi da sassafe muka bi hanyar lambunan bakin gulbi, muka tsaya ƙarƙashin wani gawo da ya fara fitar da sabon ganye. Waƙar tana zubowa daga sama, shi kuma yana ta neman rawaya a cikin rassa. Na nuna masa wani ɗan toka a ƙarshen busasshen reshe, ya ce, "Haba Kawu, wannan ai gwara ce." Na ce ya jira. Mai kura ya wuce da jakinsa, tsuntsun ya firgita ya tashi zuwa bagaruwar da ke gaba, farin ƙugunsa ya haska sau ɗaya, waƙar kuma ta koma can tare da shi.